An kawo littattafai, an kawo kwamfuta, an yi bita, amma yara ba sa karatu: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Ni shugabar wata makarantar firamare ce. A cikin shekara huɗu an kawo mana sababbin littattafai, an kawo wa yara kwamfutocin hannu, malamaina sun je bita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an kuma ƙara mana takardun cikewa na shirin darasi. Duk da haka ina da 'yan aji biyar da ba sa iya karanta sakin layi guda. Malamai sun gaji, biyu daga cikin waɗanda nake ji da su sun ajiye aiki. Yanzu an ce in zaɓi abin da za mu sa a gaba a shekara mai zuwa. Wai waɗannan shirye-shirye suna da amfani kuwa? Laifin malamai ne ko na shirin? Ko kuwa sai an rage yawan yara a aji an ƙara albashi kafin a ga canji?

Amsa: Malama, sannu da fama. Kafin komai, ki cire a ranki cewa makarantarki ce kaɗai abin ya sama. Na yi shekaru ina riƙe da alli, daga baya aikina ya koma zama a bencin bayan aji ina kallon darasin wasu, kuma irin labarinki na ji shi daga bakin shugabannin makarantu har na daina ƙirgawa. Wasu shirye-shiryen suna aiki, da yawa ba sa yi. Abin da ke raba su kuwa ba ɓoyayye ba ne: duk shirin da bai taɓa abin da ke gudana tsakanin malami da yaro a cikin minti arba'in na darasi ba, ko nawa aka kashe masa, a sito zai ƙare ko a cikin fayil.

Bari in fara da wani aji da na taɓa zama a cikinsa, domin duk sauran maganar daga nan ta taso. Aji huɗu ne, malamar kuma ba raguwa ba ce ko kaɗan. Ta zo da wuri, ta cika allo da rubutu mai kyau, ta yi bayani da murya mai fita. Tana gama kowace gaɓa sai ta juyo ta ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane!" In ta yi tambaya, hannuwa uku ne ke tashi, kullum su ɗin ne, a layin gaba. Kusa da ni akwai wata yarinya da ta kwafe duk abin da ke allon tsaf, rubutunta ya fi nawa kyau. Da aka tashi sai na ce ta karanta mini layin farko na abin da ta rubuta. Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, ta kira sunan harafin farko, ta kira na biyu, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Shekara huɗu ke nan tana zana haruffa kamar mai zanen hoto. Littafinta cike yake da alamar jan biro ta "daidai", domin abin da ake dubawa shi ne ko ta kwafa.

Da na yi wa malamar maganar, ba ta musa ba. Cewa ta yi, "Na san da su. Amma in na tsaya musu, yaushe zan gama manhaja? Sufeto in ya zo, shafin da na kai yake tambaya." Gaskiya ta faɗa. Manhajar karatu tana tafiya da saurin yaran layin gaba, wanda ya faɗi a aji biyu kuma ba a waiwayarsa, sai dai a yi ta ciyar da shi gaba yana ƙara nisa da abin da ake faɗa. Wannan ciwo ya game duniya. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi a shekara goma da haihuwa. A Indiya, inda ƙungiyar Pratham ke bi gida-gida tana gwada yaran karkara tun 2005, shekara da shekaru sakamakon na nuna kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu.

In kika riƙe wannan yarinyar a zuciya, za ki ga dalilin da ya sa littattafanki ba su motsa komai ba. An gwada abin a yammacin Kenya: aka zaɓi wasu makarantu ta hanyar ƙuri'a aka ba su littattafan karatu, aka bar wasu, sannan aka auna. Sakamakon da Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka fitar a 2009 ya ba mutane mamaki. Makin yawancin yara bai tashi ba. Waɗanda suka amfana su ne waɗanda dama can suke kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda ga yawancin yaran harshe na uku ne, kuma an rubuta su ne don yaron da yake daidai da ajinsa. Ba wa wanda bai iya haɗa baƙi ba littafin aji biyar, kamar miƙa wa mai jin ƙishirwa guga ne babu igiya.

Kwamfuta ma haka. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare na karkara dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da tasa. Binciken da aka fitar a 2012, wanda ya shafi makarantu 319, ya tarar yara sun iya sarrafa na'urar sosai, amma makinsu na lissafi da na harshe bai gusa ba. Sai dai kada ki ce na'ura ce ba ta da amfani. A Delhi an gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark, wadda aikinta na farko shi ne ta gano ainihin inda yaro yake, ko da ɗan aji bakwai ne mai lissafin aji uku, ta ba shi aiki daidai da shi, ta riƙa ɗaga shi a hankali. Cikin wata huɗu da rabi yaran suka yi ci gaba mai yawa a lissafi da harshen Hindi. Ƙarfe ɗaya ne, gilashi ɗaya ne. Bambancin, ɗaya ta je ta sami yaro inda yake tsaye, ɗayar kuma an ajiye masa ita an tafi.

Wannan ya kawo mu kan shirin da, a ganina, ya fi kowanne dacewa da matsalarki. Pratham ɗin nan ta fara da wani abu mai sauƙi a biranen Mumbai da Vadodara: ta ɗauki 'yan mata da suka gama sakandare, ta ba su ɗan horo, su kuma suka riƙa ware yaran aji uku da huɗu da aka bari a baya, awa biyu kullum, suna koya musu abin da ya wuce su. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka auna, suka ga makin yaran ya tashi, musamman na can ƙasa. Daga nan tsarin ya girma ya zama abin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Yadda ake yi: a zauna da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a ga shin bai san harafi ba ne, ko ya san harafi bai iya kalma ba, ko ya iya kalma bai iya sakin layi ba, ko ya kai ga karanta labari. Sai a raba yara rukuni-rukuni bisa wannan, a manta da lambar aji na tsawon awa guda a rana. Yaro na haye mataki, a matsar da shi gaba. Banerjee da Duflo da Kremer su ne suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, kuma irin waɗannan gwaje-gwaje na cikin abin da ya ja musu ita.

Amma ɓangaren labarin da na fi so ki ji shi ne inda abin ya ƙi, domin shi ya amsa tambayarki ta laifin wane ne. Da aka so shigar da tsarin cikin makarantun gwamnati a jihohin Bihar da Uttarakhand, sai aka yi abin da aka saba: aka ba malamai horo, aka ba su kayan aiki, aka ce su je su yi. Haka ba ta cim ma ruwa ba. Malamai suka koma aji suka ci gaba da bin manhaja shafi-shafi. Da an tsaya nan, da an ce malaman ne ba su iya ba. To amma a Bihar ɗin, malaman gwamnati sun koyar da wannan tsari a zaman karatu na lokacin hutu, inda babu manhajar da ke bin su da bulala, kuma yara suka koya. Daga baya a jihar Haryana aka ware awa guda a jadawali musamman don wannan aiki, aka kuma sa jami'an da ke sa ido a kan malamai su fara koyar da tsarin da kansu na wasu kwanaki kafin su fita duba kowa. A nan sakamakon karatu ya tashi. Malami bai canza ba. An ba shi lokaci ne, an kuma daina auna shi da shafin da ya kai a wannan awar. Yawancin lokacin da na ji ana zagin malamai a kan shirin da ya mutu, in na bincika sai in tarar an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu mu shiga cikin ajin kansa, ga abubuwan da ba sa buƙatar ko sisi.

Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin darussa masu yawa tun wajen farkon shekarun 1970, ta auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya jefa tambaya. Ta tarar bai fi sakan ɗaya ba. In ba a amsa ba, sai ya maimaita, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka koya wa malamai su jira sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki, "ban sani ba" ta ragu. Ki gwada da kanki, za ki ji yadda sakan uku ke da tsawo a gaban yara arba'in. Ni kaina da na fara, ƙirgawa nake yi da yatsun ƙafa a cikin takalmi don kada bakina ya riga ni.

"Kun gane?" kuwa tambaya ce da ba ta taɓa kawo wa malami labarin gaskiya. Madadinta shi ne kowane yaro ya rubuta amsa a ɗan ƙaramin allo ko bayan takarda, a ɗaga gaba ɗaya lokaci guda. Na ga wani malami ya yi haka karon farko da lissafin 52 a debe 38. Yana da tabbacin ajinsa ya wuce nan tun zangon baya. Da alluna suka tashi, sai ga 26 birjik, wajen sulusin aji. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Daga ina kuka samo 26?" Wani yaro ya yi masa bayani cikin nutsuwa: biyu ba ta kai a cire mata takwas ba, don haka ka cire biyu daga takwas, shida, ka cire uku daga biyar, biyu. Kin ga yaron ba sakarai ba ne. Doka ce ya ƙirƙiro wa kansa, tana kuma yi masa aiki a duk lissafin da ba ya buƙatar aro, shi ya sa ba a taɓa kama shi ba. Malamin ya ajiye darasin da ya shirya, ya ɗauko tsinke ya ɗaure su goma-goma, ya sa su kwance ɗauri ɗaya da hannunsu su ga abin da ake nufi da aro. Minti goma sha biyar suka gyara abin da da zai bi su har sakandare. Irin wannan dubawa a tsakiyar darasi, wadda malami ke canza hanya saboda abin da ya gani, ita ce Paul Black da Dylan Wiliam suka tattara hujjoji a kanta a 1998 suka nuna tana cikin abubuwan da suka fi ɗaga karatu, musamman ga masu rauni.

Sai batun jan biro, wanda ke cinye daren malamai. An ɗauka duk gyaran da aka yi wa ɗalibi alheri ne. Kluger da DeNisi sun tattara bincike sama da ɗari a 1996, na makarantu da na wuraren aiki, suka tarar a fiye da sulusin lokuta, gaya wa mutum yadda ya yi sai ya ƙara lalata aikin nasa. Abin yakan faru ne in maganar ta koma kan mutumin, ta bar aikin. "Kai dai ba ka da ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai, "yaro mai ƙwaƙwalwa" ma haka. Akwai wani ƙaramin gwaji da Ruth Butler ta yi a 1988 da nake yawan ba malamai labarinsa: wasu yara aka ba su maki kawai, wasu aka rubuta musu bayanin abin da za su gyara kawai, wasu aka haɗa musu biyun. Masu bayani kaɗai ne suka inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun sun yi kamar ba a rubuta musu komai ba, domin ido na faɗawa kan maki, yaro ya leƙa na maƙwabcinsa, an gama. Saboda haka malamin da ke kwana yana rubuta jawabi a littafi sittin, ga maki a sama, wahalar banza yake sha. Gara ya duba littattafan da sauri, ya fitar da kurakurai uku da suka fi yawa, gobe ya gyara su a allo, ya ba yara minti goma su sake aikin a gabansa.

Abu na ƙarshe a nan shi ne tuno da abin da aka koya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri a kwanakin farko. A 2006 Roediger da Karpicke suka gwada ɗaliban jami'a: wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno shi. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu tunowa suka wuce su nesa. Tambayoyi biyar a farkon kowane darasi, biyu daga na jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, littafi a rufe, ba maki, ba duka. Shi ke nan. A gefe guda kuma, in wani ya zo miki da bitar raba yara zuwa "masu koyo da ido" da "masu koyo da kunne", ki ba shi haƙuri. Masana da suka bi diddigin wannan magana a 2008 ba su sami hujjar da ta tsayar da ita ba, duk da farin jinin da take da shi.

To, ta yaya malami zai koyi waɗannan abubuwa har su zama jikinsa? Nan ne bitar da kika ambata ta shigo. Ba na raina bita, na ci abinci da ita. Amma na san abin da ke faruwa: kwana uku a babban ɗaki, mai jawabi yana bayani a kan illar yawan jawabi, a raba takardar shaida, ranar Litinin kowa ya koma gidan jiya. Koyarwa ɗabi'a ce da ta zauna a jiki, ba ta sauyawa da jin magana. A Afirka ta Kudu, a lardin Arewa maso Yamma, an gwada hanyoyi biyu a kan koyar da karatu da harshen Setswana a azuzuwan farko. Duka ɓangarorin an ba su shirin darasi a rubuce da littattafan yara iri ɗaya. Ɓangare ɗaya ana tara su a yi musu bita sau biyu a shekara. Ɗayan kuma gogaggen mai horarwa ne ke zuwa ajin malama kusan kowane wata, ya zauna ya kalla, su tattauna, wani lokaci ya karɓi allin ya nuna. Bayan shekara biyu, ci gaban karatun yaran ɓangare na biyu ya kusan ninka na farko. Matthew Kraft da abokan aikinsa sun haɗa bincike 60 a kan irin wannan rakiya a 2018, suka ga tana gyara koyarwa sosai, tana kuma ɗaga makin yara, sai dai ƙarfinta na raguwa in shirin ya faɗaɗa, saboda samun nagartattun masu rakiya da yawa ba wasa ba ne. Ke da kike da makaranta guda, wannan matsalar ba taki ba ce.

Shirin darasi a rubuce da na ambata yana da masu suka, suna cewa ya mai da malami aku. Na fahimce su, kuma ga malamin da ya goge, ba zan ɗaure shi da takarda ba. Amma Kenya ta yi amfani da shi a shirinta na Tusome daga 2015, a makarantun gwamnati sama da dubu ashirin, haɗe da littafi ga kowane yaro da jami'ai masu ziyartar aji, kuma karatun 'yan aji ɗaya da biyu ya tashi a fili. Sabuwar malama da aka miƙa wa darasi shiryayye mai kyau ta sami sauƙi, ƙarfinta sai ya tafi wajen kallon yara. Ki lura da bambancin wannan da takardun da aka ƙara muku. Waccan an ba malami abu ne ya yi aiki da shi. Taku kuwa an ce ya rubuto abu ne don wani ya sa hannu.

Wannan ya kai ni ga malamanki biyu da suka tafi, kuma a nan zan yi miki maganar da ba lalle ta yi daɗi ba. Kowane sabon shiri kaya ne, kuma a kan malami ake sauke shi. An kawo huɗu cikin shekara huɗu. Wanne aka ɗauke? In babu, to malamin kirki shi ya fi shan wuya, domin shi ne zai yi ƙoƙarin yin duka da gaske, ragon kuwa ya cike takarda ya huta. Sau da yawa nagartattu ne ke fara karyewa. Kraft da John Papay sun bi malamai na tsawon shekara goma a wata babbar gundumar makarantu a Amurka, suka fitar da sakamako a 2014: malaman da ke makarantun da akwai tsari da ladabi, abokan aiki na taimakon juna, shugaba kuma na mara musu baya, sun ci gaba da ƙwarewa shekara bayan shekara fiye da takwarorinsu da ke inda babu waɗannan. Wato ƙwarewar malami ba halitta ba ce da ya zo da ita, makaranta na iya renonta, tana kuma iya tsayar da ita. A Japan an daɗe da al'adar malamai su shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran na kallon yara, sannan su zauna su warware abin da suka gani. Ko rabin wannan kika samu a makarantarki, kin yi nisa.

Batun yawan yara a aji, e, yana da tasiri, amma da sharaɗi. Gwajin da ya fi shahara shi ne na jihar Tenesi a Amurka daga 1985, wanda ya shafi yara sama da dubu goma sha ɗaya a makarantu 79. An raba su da ƙuri'a, wasu a aji mai yara 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25. 'Yan ƙaramin aji sun fi a karatu da lissafi, 'ya'yan marasa ƙarfi kuma sun fi kowa amfana. Jihar Kalifoniya ta ga haka ta yi wuf a 1996 ta rage azuzuwan farko zuwa yara 20. Nan take aka buƙaci dubban sababbin malamai, aka ɗebo waɗanda ba su gama samun shaidar koyarwa ba, gogaggu kuma suka bar makarantun talakawa suka koma inda ya fi daɗi. An kashe kuɗi masu yawa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu yadda aka zata ba. A Kenya ma an taɓa rage aji daga sama da yara 80 zuwa kusan rabin haka, amma inda ba a canza komai ba sai yawan, makin bai wani motsa ba. Malamin da ke karanta wa yara 80 allo, in aka ba shi 40, allon zai ci gaba da karanta musu.

Albashi kuwa, ki bar ni in raba shi biyu. Haƙƙi ne, kuma malamin da ke tunanin abin da iyalinsa za su ci ba a yi masa adalci ba. Amma ƙari shi kaɗai bai cika sauya darasi ba. Indonesiya ta yi doka a 2005 da ta ninka albashin malaman da suka sami takardar ƙwarewa. Da aka auna, malamai sun fi jin daɗin aikinsu, damuwar kuɗi ta ragu, masu neman aiki na biyu sun ragu. Makin yara kuwa bayan shekara biyu zuwa uku yana nan inda yake. Wasu za su ce to a ɗaura ladan da sakamakon jarrabawa. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya ɗan ƙaramin tukuici irin wannan ya ɗaga maki. A Atlanta ta Amurka kuwa, inda matsin lambar maki ya yi tsanani, rahoton hukuma na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a gyara amsoshin yara, har kotu ta sami goma sha ɗaya da laifi a 2015. Ni dai ina tsoron wannan hanya. Kuma tun da yawan aji da albashi ba a hannunki suke ba, kada ki jira su.

Da ni ce a kujerarki, abu ɗaya zan rubuta wa masu tambaya: karatu, daga aji uku zuwa biyar, daidai da matakin yaro. A makon farko ki sa a gwada kowane yaro shi kaɗai, harafi, kalma, sakin layi, labari, kuma kada malamin ajin ya gwada nasa, a yi musanya. Ki shirya jin abin da ba ki so, adadin zai fi wanda kike zato. Ki ware awar farko ta safe, ki gaya wa malamai da bakinki cewa a wannan awar babu mai tambayarsu shafin manhaja, in sufeto ya zo ke za ki tare shi da takardar sakamakon gwajin. Rukunin da bai san harafi ba ki ba shi malamin da ya fi kowa iyawa, kada ki ba sabon zuwa, kuma a koyar da sautin harafi da yadda ake haɗa shi da wasali, a bar rera sunayen haruffa. Ke ma ki ɗauki rukuni guda na mako biyu, don ki san abin da kike nema a wurin mutane. Bayan haka ki riƙa shiga aji minti goma sha biyar, ba da fom ba, ki fita da gyara guda ɗaya tak, ki dawo mako mai zuwa ki ga ko ya zauna. Kafin ki ɗora wannan, ki tara takardun da malamai ke cikewa a kan tebur, ki tambayi kanki wacce ce wani ya taɓa karantawa har ya yi wani abu saboda ita. Sauran ki nemi izinin ajiye su, waɗanda ke ƙarƙashin ikonki kuma ki soke su ranar. Bayan mako shida a sake gwajin, a manna sakamakon a ɗakin malamai, rukuni-rukuni, ba da sunan malami ba.

Kwamfutocin hannun kuma, ki sa wani ya kunna ɗaya ya duba abin da ke ciki. In akwai manhajar da ke gwada yaro ta ba shi aiki daidai da shi, a ba rukunin da ya kai matakin sakin layi su yi aiki da ita yayin da malami ke zaune da na ƙasa. In littafin aji ne kawai aka zuba a gilashi, ki bar su a kabad zuwa zango na biyu, ki dai sa a riƙa yi musu caji lokaci-lokaci don kada batir ya mutu.